Sharhi: izinin banki na zuba ɗan haya a gidan da na sa a kasuwa

Duk wanda ya sayi gidan zama a Ingila da bashin banki, akwai sharaɗi a takardarsa cewa shi ne zai zauna a ciki, kuma ba shi da ikon zuba ɗan haya sai banki ya amince a rubuce. Na nemi wannan izini, na samu, na yi amfani da shi har Allah ya kawo mai saye. Izinin ya rufa mini asiri, samunsa kuma bai yi wuya ba. Inda bankin ya gaza shi ne wajen bayani, kuma gazawar ta faɗo daidai wurin da mai son sayar da gida ya fi buƙatar a haska masa hanya.

Gidan yana Mancesta, aiki kuma ya mayar da ni Landan a 2024. A lokacin Babban Bankin Ingila ya tsayar da kuɗin ruwa a kan kashi 5.25 cikin ɗari tun watan Agustan 2023, masu saye duk sun ja baya. Mun samu mutum guda, mun daidaita a kan farashi, lauyoyi sun fara aiki, sai ya ce ya fasa. A dokar Ingila kowa na iya janyewa ba tare da biyan ko sisi ba muddin ba a yi musayar takardun yarjejeniya ba. Sai ga ni ina biyan haya a Landan, ina biyan banki a Mancesta. Barin gida a kulle ma ba kyauta ba ne. Yawancin kamfanonin inshora suna rage kariya idan gida ya wuce kwana 30 ko 60 ba kowa, ƙaramar hukuma na da ikon ninka harajin gidan da ya shekara a rufe, ga sanyin hunturu da ke fasa bututun ruwa.

Wani dattijo da muke sallah tare ya ba ni shawara da zuciya ɗaya. Ya ce, "Malam, ka sa ɗan'uwa a ciki ya riƙa ba ka wani abu, wa zai sani?" Na ce, "Alhaji, ranar da gobara ta tashi ko ruwa ya ɓalle, kowa zai sani." Wannan shawara tana yawo sosai a tsakanin mutanenmu, kuma tana da haɗari. Saɓa yarjejeniya ce, banki na iya ƙara maka kuɗin ruwa ko ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya, kamfanin inshora kuma ya ƙi biya saboda ba a gaya masa gaskiyar wanda ke zaune ba. Masu tsarin sayen gida na Musulunci su ma su duba takardarsu, don bankin yana da kaso a gidan.

Neman izinin ta waya aka fara. Ma'aikaciyar ta tambayi dalilin tashina, tsawon lokacin da nake so, nawa za a biya haya, da ko na taɓa yin jinkirin biya. Na gaya mata kai tsaye cewa gidan yana kasuwa. Hakan bai zama cikas ba, hasali ma shi ya nuna musu abin na wucin gadi ne. Na cike fom, na biya kuɗin aiki, takarda ta iso ba tare da jan rai ba: izinin wata 12, da ɗan ƙarin ruwa a kan abin da nake biya. Bankuna sun bambanta a nan, wani kuɗin aiki kawai yake karɓa, wani ƙarin ruwa, wani ya haɗa biyun. A wannan mataki ba ni da abin faɗa sai yabo.

Matsalar tana cikin kwanan wata. Wa'adin bankin ya fara ƙirga ne daga ranar da aka rubuta takardar, alhali kafin ɗan haya ya shiga akwai hidimar da doka ko banki suka wajabta. Sai an kawo mai lasisi ya duba gas, abin da ake sabuntawa duk shekara. Sai an duba wayoyin lantarki, wannan duk shekara biyar. Takardar ingancin makamashi, wadda ke auna gida daga matakin A zuwa G, kada ta gaza matakin E, a sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, a canza inshora zuwa ta masu ba da haya, a tantance cewa ɗan hayan yana da izinin zama a ƙasar. Kuɗin ajiyar da zai bayar ba ya wuce hayar mako biyar, kuma dole a kai shi asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kafin a gama wannan, makonni sun tafi. 'Yar hayar da na samu ta sa hannu a kan shekara guda, izinina kuma zai ƙare kafin shekararta ta cika. Babu wanda ya ja hankalina a kan wannan giɓi, ko a waya ko a takarda.

Da na kira na tambaya, "To idan wa'adi ya cika gidan bai sayu ba fa?" amsar ita ce za a duba idan lokacin ya yi. Wannan amsa ba ta isa ba ga mutumin da ke lissafin albashinsa wata-wata. Wani dillalin bashin gida ne ya warware mini: ko banki ya sabunta izinin, ko ya ce in koma bashin masu gidajen haya, wanda galibi sai kana da kusan kashi 25 cikin ɗari na darajar gidan, kuma idan kana cikin wa'adin ƙayyadadden ruwa za ka iya biyan tarar fita da wuri. A ƙarshe sun ƙara mini lokaci, na gode musu, amma bayanin da dillali ya yi mini cikin zama ɗaya aikinsu ne tun farko.

Sayar da gida da mutum a ciki kuwa wani aiki ne daban. Mai saye don zama, bankinsa zai so a miƙa masa gidan ba kowa. Waɗanda ke yarda su saya da ɗan haya 'yan kasuwa ne, su kuma tayin wulaƙanci suke yi, sun san tsuntsun da ya jiƙe ba ya tashi da nisa. Sannan kafin a kawo mai son saye ya duba gidan sai an ba ɗan haya sanarwar awa 24, kuma yana iya cewa lokacin bai yi masa ba. 'Yar hayata ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare. Wata Asabar na bi dillalin gidaje muka shiga da masu saye, labule a sauke, kayan aikinta shanye a kan na'urar ɗumama ɗaki, ita kuma tana tsaye a kicin da kofin shayi, idanunta jawur don barci. Ba ta yi ƙorafi ba, amma na ji nauyi ƙwarai. Daga nan na rage mata wani abu a haya, muka tsayar da rana ɗaya a mako. Sai bayan ta tashi ne gidan ya samu farashin kirki.

Kada a ɗauka kuɗin haya duk riba ne. Sai an bayyana shi ga hukumar haraji, kuma tun Afrilun 2020 ba a cire ruwan banki daga abin da ka samu, rangwamen kashi 20 cikin ɗari na ruwan kawai ake yi maka a haraji. Idan ka haɗa da ladan dillali da gyare-gyare, ni dai abin da ya rage bai wuce ya toshe bashin wata ba. Dama abin da nake nema ke nan.

Wanda zai bi wannan hanya yanzu, yanayinsa ya fi nawa tsauri. Dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2025, mai aiki daga 1 ga Mayun 2026, ta soke korar ɗan haya ba dalili. Mai gida na iya karɓar gidansa don sayarwa, amma ba a cikin wata 12 na farko ba, kuma sai ya ba da sanarwar wata huɗu. Izinin banki na shekara guda ya zama da ƙyar yake ɗaukar wannan lissafi.

Saboda haka wanda ke sa ran gidansa zai sayu nan da 'yan watanni, ban ba shi shawarar neman izinin ba, gara ya sauke farashi. Wanda zai iya cire gidan daga kasuwa na shekara ɗaya da rabi, ya nema, amma kafin ya biya kuɗin aiki ya sa banki ya rubuta masa ranar da wa'adi zai fara, sharuɗɗan sabuntawa, da abin da za a caje shi idan aka ƙi sabuntawa.