Rumfar agashe ta bayan kasuwar hatsi a Gadarif

A bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, a gabashin Sudan, inda manyan motoci ke juyawa in sun sauke riɗi da dawa, akwai wata rumfa da ba ta da allon suna. Mu masu aikin sikeli "wajen Baba" kawai muke cewa. Ana hura wuta bayan la'asar, ana tashi in nama ya ƙare. Mutum uku ke riƙe da ita, kowa da tukunyarsa: Baba mai agashe, wato tsire, wata baiwar Allah 'yar Habasha mai injera, faffaɗar waina mai tsami, da jabana, wato gahawa, sai wani dattijo haifaffen Chadi mai tuwo.

Agashen ne ke kai mutum wurin. Baba yana yanka naman sa falle-falle, siriri, ya tsire a tsinke, ya turmuza shi a garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono, sannan ya yayyafa man gyaɗa da tafin hannu. Ba ya kwantar da tsinke a kan garwashi. Kafa su yake yi a toka kewaye da wutar, yana juyawa ɗaya bayan ɗaya, zafi ya ratsa naman a hankali, shi ya sa ƙulin ba ya ƙonewa ya yi ɗaci. Tun da gyaɗa ta yi tsada masu gashi da yawa sun koma cuɗa garinsu da fulawa, amma na Baba kana sa shi a baki ka san gyaɗa ce zalla. Da albasa da lemon tsami yake kawowa, yaji a gefe. Na kaza dai bai kai na sa ba, yakan bushe, ba na ba kowa shawarar sa.

Baba ba ɗan garin nan ba ne. Kakansa yana cikin ayarin da ya bi Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Mahaifinsa ya tsinci auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925 domin masaƙun Ingila. Shi kuwa a Madani, babban birnin Jazira, ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana gashi, sai da yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Madani a watan Disamba, ya kwashi iyali ya taho. Da aka ce hankali ya fara kwanciya can, na ce masa, "Baba, ba za ku koma ba?" Ya ce, "Ɗana, har ƙofa da taga an ciccire. Bari in tara na kafinta tukuna."

Ita mai injera 'yar Humera ce, a yammacin Tigre. Ta ƙetaro kogi ta Hamdayet a Nuwamba 2020, lokacin da yaƙi ya tashi a yankinsu, aka kai su sansanin Um Rakuba da ke jiharmu. Wannan sansanin dai shi ya karɓi 'yan Habasha a zamanin yunwar 1985, kuma ta ce mahaifiyarta na cikinsu. Uwa da 'ya, fili ɗaya, shekara 35 a tsakani. An sa hannu a sulhu a Piritoriya a Nuwamba 2022, amma har yanzu ana jayayya a kan wanda ke da Humera, don haka hanyar gida ba ta buɗe mata ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, Habasha ba ta yi zaman mulkin mallaka irin namu ba, in ban da shekara biyar na Italiya daga 1936 zuwa 1941, amma iyakar da aka shata da Ingila a 1902 har yau ana zub da jini a kanta a Fashaga, ga ta nan gabas da mu, ƙasar da riɗinta ke hawa sikelina kowace kaka. Leburorin Habasha da ke shigowa ta garin iyaka na Gallabat su yanka mana riɗin nan su ne manyan masu cinikinta.

Injerarta ba ta tef zalla ba ce, hatsin Habasha da ake yin ta da shi, tana haɗawa da dawa saboda tsada, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Ta fi ta asali kauri da tsami, wanda ya saba da kisra, siririyar wainar dawa ta Sudan, zai ji ta kusa da gida. Shironta, miyar garin wake, yana da kyau ƙwarai, na fi son sa a kan zigni, miyar nama mai yaji, wanda mai ya yi masa yawa. Jabana kuwa babu irin tata a kewayen kasuwa. A gabanka take soya 'ya'yan gahawa a ɗan kasko, ta zagaya da shi kowa ya shaƙi ƙamshi, ta daka a turmin ƙarfe, ta sa citta, ta ɗora lubban a garwashi. Kada ka zo mata da gaggawa. "Yaya, zauna," shi ne abin da za ka ji.

Mai tuwo ya baro Abeshe yana yaro, a shekarun da Chadi ke cin kanta. Ta karɓi 'yanci daga Faransa a 1960, tawaye ya fara a 1965, a 1979 faɗa ya shiga Injamena kanta. Yau danginsa ne a Adre, garin iyaka na Chadi, ke sauke mutanen Janaina ta Darfur da suka gudo daga namu yaƙin. Tuwon geronsa yana da laushi, ba gudaji. Miyar karkanji tana da tsamin yakuwa daidai, sai dai ta busasshiyar kuɓewa ta yi ruwa a 'yan watannin nan, busasshen naman cikinta sai ka lalube shi. Na gaya masa, ya ce in ya ƙara nama sai ya ƙara kuɗi, 'yan dako kuma ba za su iya ba. Gaskiyarsa ce, amma mai zuwa ya sani.

Wajen tsabta na yaba musu. Kowa ya san wahalar ruwa a Gadarif, su ma daga amalanken jaki suke saye, amma tun annobar kwalara ta 2023 ba sa zuba na sha a randa sai sun sa maganin tsarkake ruwa, kuma akwai buta da sabulu a bakin rumfa, da yaron da ke zuba wa mutane. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne wurin zama. Benci ne dogaye, hayaƙi yana bugowa kai tsaye in iska ta juya, kuma ba a keɓe wa mata ko tabarma ɗaya ba, sai dai su saya a ƙulle musu a leda, alhali ga fili a bayan rumfa. Da damina kuma baƙar lakar garin nan takan riƙe takalmi tun daga bakin titi.

Kuɗi suna hawa kusan duk wata, kamar komai a ƙasar. Takardar kuɗi ta yi wuya, yawanci ta waya ake turawa, in layi ya ɗauke Baba ya rubuta a littafi in ya san fuskarka. Baƙo gara ya riƙo tsaba a aljihu. A zo tsakanin magariba da isha, kafin direbobin Bur Sudan su gama lodi, don in suka sauko agashen naman sa ba ya minti talatin. Ran Juma'a agashe kaɗai ake samu, sauran biyun suna hutu.