Sharhi kan kwamfutar da na zaɓa domin agogon HamClock a Accra

Wata takwas ke nan da na kafa manhajar HamClock a ɗakin da nake ajiye rediyona a Maamobi, kuma sai da na gwada ƙananan kwamfutoci uku masu falle ɗaya kafin hankalina ya kwanta da guda. Ga wanda bai santa ba, manhaja ce da Elwood Downey, mai lambar kira WB0OEW, ya rubuta domin masu sha'awar magana ta rediyo a gajeren zango. Tana nuna lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, da taswirar duniya mai raba dare da rana, da yawan tabon rana, da hasashen zangon da zai buɗe zuwa ƙasar da mutum yake nema. Mu a Gana lokacinmu daidai yake da UTC duk shekara, don haka ba agogon ne ya ja ni ba, taswirar ce, domin layin da ke tsakanin dare da rana shi ke gaya mini sa'ar da ya dace in kunna rediyo in nemi Amurka ta Kudu ko Japan.

Na fara da Raspberry Pi Zero 2 W saboda arharta. Ta ɗauki manhajar a ƙaramin girman allo na 800x480, amma ƙwaƙwalwarta megabait 512 ce kawai, kuma da na haɗa ta da tsohuwar talabijin ina son girma na 1600x960, sai ta riƙa jan ƙafa. Ba ta da ramin wayar intanet, Wi-Fi ɗinta kuma na zangon gigahaz 2.4 ne kaɗai, wanda a unguwa mai cunkoso irin tamu kowane gida yana kansa.

Raspberry Pi 5 kuwa aro na karɓa daga wani abokina na mako biyu. Sauri kam ba a magana, kuma tana da agogon ciki da ake sa wa ƙaramin batir, abin da magabatanta ba su da shi. Sai dai tana neman caja mai bolt 5 da amfiya 5, tana kuma son fanka, ni kuwa ban yarda da fanka a na'urar da za ta kwana ta wuni a kunne ba, domin na ga yadda ƙurar hunturu ke cushe ta har ta fara kuka. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin aikin da zan ba ta.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Raspberry Pi 4, da ta fito a 2019, mai ƙwaƙwalwa gigabait 2, a cikin gida na ƙarfe da ke shanye zafi ba tare da fanka ba. Wannan na'ura tana rage saurinta da kanta idan zafinta ya kai digiri 80, amma ko a watan Maris, lokacin da ɗakin yake kamar tanda, ban ga ta kai nan ba. Na saka mata wurin da nake, wato IJ95, lambar yankinmu a taswirar masu rediyo, tun ranar farko, har yau kuma taswirar ba ta taɓa sandarewa ba.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kwamfutar ba ce, caja ce. Na sayi wata mai arha a Zongo Lane, kuma da na kunna rediyo a zangon mita 20 bayan sallar isha'i, sai na ji wani ƙugi ya rufe duk muryoyin nesa. Na duba eriya, na duba wayoyi, sai da na zare cajar daga bango ƙugin ya ɗauke ɗif kamar an rufe famfo. Ga mai lasisin rediyo na Gana, wato 9G, da ke kashe dare yana farautar murya siririya, wannan ba ƙaramar asara ba ce, don haka na koma caja ta asali mai amfiya 3, na kuma nisanta ta da rediyon.

Sai matsalar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wadda sau ɗaya ta lalata mini katin memori, har na sake ɗora komai daga farko. Yanzu ina da kati na biyu da na kwafe a ajiye cikin aljihun tebur, na kuma sa ƙaramin batir tsakanin bango da kwamfutar. Tun da Pi 4 ba ta riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke, na ƙara mata guntun agogo na DS3231. Gibin da ya rage shi ne manhajar daga intanet take ɗebo bayanan rana da hasashen zango, saboda haka duk ranar da data ta ƙare mini, agogo da taswira kaɗai nake samu.