Testosterone ko DHEAS, wanne za ki fara yi?

'Yar'uwar da ta ce gashi na tsiro mata a haɓa, al'ada kuma sai ta yi wata uku ba ta zo ba, likita ya rubuta mata gwajin jini biyu amma kuɗin ɗaya ne a hannunta: ki fara da testosterone.

Dukansu sinadaran maza ake aunawa, waɗanda kowace mace ke da su kaɗan a jikinta. Bambancin yana wurin da suke fitowa. DHEAS kusan duka daga adrenal yake, wata 'yar gaɓa da ke zaune a saman ƙoda. Testosterone kuwa ma'ajiyar ƙwai na da babban hannu a cikinsa, shi ya sa ake fara duba shi idan ana zargin PCOS, wato matsalar rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan kari, wadda ita ce ta fi kawo irin alamominki.

Sai dai testosterone na da wayo. Mafi yawansa yana ɗaure da wani furotin da hanta ke yi, SHBG, ɗan abin da ya rage a sake shi ke fito da gashi da ƙuraje. Ƙiba da matsalar insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) na rage SHBG. Sai ki ga takarda ta ce komai daidai, madubi kuma yana faɗin wani abu daban. Don haka ki roƙa a haɗa da SHBG, a lissafa wanda ke sake. Idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, sakamakon zai ruɗe ki, domin tana ɗaga SHBG. Ana so a yi wata 3 da dainawa kafin gwajin, amma likita ne zai tsara miki wata hanyar kariya kafin nan. A ɗebi jinin da safe.

DHEAS ba ya canzawa sosai tsakanin safe da yamma, amma yana raguwa da shekaru, kuma a PCOS yakan ɗan hau ba tare da wani haɗari ba. Amfaninsa na gaske shi ne gano ciwon ƙari a adrenal, musamman idan sakamakon DHEAS ya haura wajen 700 µg/dL.

A nan ne shawarata za ta sauya. Idan cikin 'yan watanni gashin ya yawaita, murya ta yi kauri, ko sanƙo ya fara, kar ki zaɓi ɗaya. Ki yi duka biyun, ki koma wurin likita a makon nan.