Daga Dhaka: abin da na gani kan amai da gudawa da sauro

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da su Hajiya. Ka tambaye ni yadda mutanen Bangladesh suke fama da kwalara, tunda su ambaliya kusan ba ta tsallake shekara. To ga abin da idona ya gani.

Garin gishiri da sukari na hana bushewar jiki, a nan ba sai ka je kemis ba. Mai ɗan shagon unguwa ma yana rataye shi kusa da biskit, suna kiransa ORSaline, kuma kuɗinsa bai wuce na kofin shayi ba. Ƙullinsu na rabin lita ne, namu na gida galibi na lita guda, don haka a duba rubutun jiki kafin a dama. Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin mata sun iya haɗa shi ko babu na saye: gishiri da yatsu uku, mazarƙwaila cikin tafin hannu, ruwa rabin lita. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar mai suna BRAC ce ta bi gida-gida daga 1980 tana koya wa iyaye mata. Mu da muke da mazarƙwaila a kowace kasuwa, wa ya taɓa koya mana wannan?

Akwai asibitin masu gudawa na cibiyar bincike ta icddr,b a unguwar Mohakhali ta nan Dhaka, babban birnin ƙasar, kyauta ake jinya. Gadon yana da rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, a auna ruwan da ya fita daga jikin mutum a mayar masa da daidai shi. A zafin 2022 sun riƙa karɓar fiye da mutum 1,000 a rana, har tanti suka kafa a waje. Sun san cutar tana tasowa kafin damina da bayanta, sai su shirya tun da wuri. Ka tuna 2021 da ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, akasari a Arewa.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Ruwan famfo ba ya shayuwa sai an tafasa, kwatoci kuwa sai addu'a. Maleriya ba ta dame su a Dhaka ba, tana can yankin tsaunukan Chittagong, shi ya sa ma'aikacin lafiyar ƙauyenmu ya fi mai kemis ɗin nan saurin gane ta. Maganin rigakafin da ake bai wa yaranmu wata-wata da damina ma ban gan shi a nan ba. Tasu masifar zazzaɓin dengue ne, wanda ya kashe fiye da mutum 1,700 a 2023 da zafi ya yi yawa kuma damina ta ja. Sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba.

Don Allah kafin ruwa ya sauka a sayi ƙullin gishiri da sukarin nan da ƙwayar zinc da ake bai wa yara masu gudawa a ajiye a ɗakin Hajiya, a kuma ɗaga bakin rijiyar tsakar gida. Zan turo kuɗin siminti ƙarshen wata.