Ma'aunin ruwan sama na masu binciken jami'a: kafa shi ba wuya, riƙe shi ne aiki

A wasu ƙauyukan Kano da Jigawa akan ga ma'aunin ruwan sama da masu binciken yanayi ke kafawa a harabar firamare ko gefen gonar gwaji. Da kuɗin tallafi ake irin wannan aiki. Cibiyar binciken noman busassun yankuna ta Jami'ar Bayero, alal misali, ta tashi a 2012 da tallafin Gidauniyar MacArthur, daga baya Bankin Duniya ya shigo.

Amfanin ma'aunin ba a magana. Milimita 1 a ma'auni na nufin lita 10,000 ta sauka a kan hekta guda. Manomin da ya jira ruwa ya kai milimita 20 zuwa 25 cikin kwana biyu ko uku kafin ya shuka gero ya rage wa kansa wahalar sake shuka, don yayyafin farkon damina sama yake jiƙawa, ƙasan rami na nan a bushe.

Ma'auni na roba, wanda ake karantawa da ido, shi muka fi yabawa. A kafa shi a fili, bakinsa a miƙe, nesa da bango ko bishiya aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kullum da safe a lokaci guda a karanta, a rubuta, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbi, in ba haka ba mai lissafi ba zai bambance fari da mantuwa ba. Illarsa ɗaya, rana na cin robar har ta tsage.

Mai aika awo da kansa ta layin waya kuwa lallaɓa yake so. Ƙurar hunturu ta rufe faifan sola, batir ya mutu. Zanzaro ya yi gini a mazurari, ruwa ya daina wucewa, na'ura ta riƙa nuna fari alhali ana tafka ruwa.

Babban gibin yana cikin kasafi. Tallafi kan ƙare cikin 'yan shekaru, shi kuwa yanayi sai an tara awon shekara 30 ake fitar da matsakaicinsa. Duk mai ba da kuɗi ya kamata ya ware na alawus ɗin mai karantawa, na data, da na batir bayan an rufe aiki, a kuma miƙa littafin awo ga malamin gona. Sannan a riƙa manna jimillar mako a ƙofar gidan mai unguwa, manoman da aka auna ruwan gonarsu su gani.