Drake Tax a kan kwamfuta uku a gida, bayan kakar haraji guda

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan sallah mutane suke tambayata wace manhaja nake amfani da ita wajen cike wa jama'a takardun haraji, kuma yaya aka yi mu uku muke aiki lokaci guda a cikin gida ba tare da fayil ɗin wani ya shiga na wani ba, to yau dai na samu sarari bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Ni a Greensboro nake, jihar North Carolina a Amurka, garin da duk wanda ya zo zai ga 'yan Nijar da yawa ma sha Allah. Yawancin masu zuwa wurina direbobin Uber ne da na manyan motoci da masu aikin kamfani da mata masu kitso. Shekarun baya ni kaɗai nake yi da laftof ɗaya da wata manhaja da ba zan kira sunanta ba, da aiki ya yi yawa uwargida ta fara taya ni shigar da bayanai, ƙanina ma ya samu PTIN ɗinsa, wato lambar da IRS, hukumar harajin Amurka, ke ba duk mai cike wa wani haraji a biya shi, sai muka koma yawo da filashi, a kwafi fayil daga nan a kai can. Ranar da na kusa tura wa IRS tsohon kwafin wani bawan Allah wanda babu W-2 ɗinsa na biyu a ciki, wato takardar albashin shekara da wurin aiki ke ba ma'aikaci, ranar na ce an gama da wannan tsarin. Allah ne ya kiyaye shi mutumin ya lura kuɗin da za a mayar masa bai yi daidai da abin da muka faɗa masa jiya ba.

A Disamban 2024 na sayi Drake Tax. Kamfanin a nan jiharmu yake, wani ƙaramin gari Franklin can cikin duwatsun yamma, kuma tun 1977 suke wannan harkar. Abu na farko da zan ce wa mai shirin saye, ka duba lasisin da kyau domin akwai na mutum ɗaya akwai na mutane da yawa, in kuna son ku zauna ku biyu ko uku kuna aiki to na mutane da yawa za ka ɗauka. Sannan a kan Windows take aiki. Kuma ba za ka iya tura komai ta intanet ba sai kana da EFIN daga IRS, wato lambar izinin tura takardun haraji ta intanet, shi kuwa neman sa yana iya kai kwana 45 har da ɗaukar hoton yatsu ga wanda ba akanta mai lasisi ba ne ko lauya ko wakilin da IRS ta tantance, saboda haka kar ka bari sai Janairu. Wanda zai cike wa mutum 11 ko fiye a shekara doka ta ce ta intanet zai tura, ba zancen ambulan da kan sarki.

Yadda haɗin yake kuwa a zahiri ba wani abu ne mai wuya ba in ka gane tunanin da ke bayansa. Manhajar wuri ɗaya za ta zauna, bayanan mutane ma wuri ɗaya, sauran kwamfutocin leƙowa kawai suke yi. Ni kwamfutar tebur da ke ɗakin da muka mayar ofis ita na mayar uwa, na yi folda guda a cikinta na sa manhajar a ciki, shekarar harajin 2024 foldarta Drake24 take fitowa, na buɗe rabon foldar ga sauran, sannan na je laftof ɗin uwargida da na ƙanina na jona musu wannan foldar a matsayin diraib mai harafi. A nan ne wurin da ya kamata mutum ya natsu, harafin ya zama iri ɗaya a ko'ina, in ka ba shi T a nan to T ne a can. Daga nan sai ka shiga diraib ɗin daga laftof, akwai folda NWClient a ciki, ka danna fayil ɗin da ke cikinta shi zai ajiye maka alamar manhajar a fuskar kwamfutar. Shi ke nan fa. Kar ka je ka sake sa cikakkiyar manhajar a kowace laftof, in ka yi haka ka koma gidan jiya, kowa da nasa rumbun. Bayan ka gama ka shiga Setup ka duba Data Locations a kowace kwamfuta ka tabbata dukkansu wuri ɗaya suke kallo, ni gwajin da na yi shi ne na ƙirƙiri fayil na gwaji a laftof ɗin ƙanina na zo ofis na neme shi, da na gan shi hankalina ya kwanta.

Abin da ya cinye mini yini guda ba daga manhajar yake ba, daga saitin gidana ne. Laftof ɗin uwargida ta ƙi ganin uwar sam, ashe hanyar sadarwar an bar ta a matsayin ta waje wato irin ta filin jirgi da shagon shayi, inda kwamfuta ke ɓoye kanta, da na mayar da ita ta gida nan take suka ga juna. Na kuma buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirri a kan uwar maimakon in kashe kariyar gaba ɗaya kamar yadda wasu ke ba da shawara a bidiyo, don Allah kar ku kashe, lambar Social Security, wato lambar shaidar mutum a wurin gwamnati, ta mutane da ta 'ya'yansu ce a ciki.

Sai maganar Wi-Fi, wadda ita ce ta fi komai muhimmanci a duk rubutun nan. Satin farko na Fabrairu uwargida tana falo da laftof tana shigar da kuɗaɗen da wani direban babbar mota ya kashe a Schedule C, fom ɗin masu sana'ar kansu, rasit cike da leda, ta yi nisa sosai sai Wi-Fi ya ɗan yanke na 'yan daƙiƙu, irin yankewar da in kana kallon YouTube ba za ka ma sani ba, amma manhajar da ke karanta fayil daga wata kwamfuta tana jin ta, komai ya tsaya cak, shafin da take kai sai da ta sake cike shi. Ta ce, Abban yara wannan abu ba zai yiwu a haka ba, mutum yana zaune yana jira. Washegari na sayo ƙaramin suwic, wato na'urar haɗa kwamfutoci da waya, mai rami biyar da wayoyin Cat6, na bi gefen bango na ja su har teburin kowa, wayar ba ta yi wa falon kyau ba gaskiya amma daga ranar har 15 ga Afrilu ba mu sake ganin tsayawa ba, buɗe fayil ma ya ƙara sauri yadda kowa ya lura. Na kuma hana uwar yin barci, domin in ta yi barci duk wanda ke jone da ita ya yanke, na sa mata ƙaramin batirin UPS saboda guguwar bazara a nan tana ɗauke wuta wani lokaci, na kuma sa na'urar intanet ta riƙe mata adireshi ɗaya kullum.

To ita manhajar kanta fa? Wlh ta biya ni. Ba irin mai yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba ce kamar waɗanda ake sayar wa mutum ya cike nasa, an yi ta ne don wanda ya san fom ɗin, ka rubuta W2 ta kai ka shafin W-2, ka rubuta C ta kai ka Schedule C, hannunka yana kan madannai ba sai kana ta neman linzami ba. Ƙanina kwanakin farko ya ce Yaya wannan ai sai an yi karatu, bayan sati biyu ya fi ni sauri. Wanda bai taɓa riƙe 1040 ba, wato babban fom ɗin harajin mutum na tarayya, ya fara saukar da ta gwaji ya yi wasa da ita tun kakar haraji ba ta zo ba. Kafin ka tura kuma tana fito maka da saƙonnin abin da ya rage ko ya saɓa, kuma ba za ta bar fayil ya tafi ba sai ka gyara, wannan ya rage mana dawowar takardu daga IRS ba kaɗan ba. Fom ɗin jiha D-400 yana tafiya tare da na tarayya.

Daɗin zama a rumbu ɗaya ya fito ne da azumi, domin azumin 2025 daga farkon Maris ya kama, tsakiyar kakar haraji ke nan, mutane ba sa zuwa sai bayan tarawihi su zo a tare. Uwargida ta karɓi takardu ta shigar da suna da 'ya'ya da W-2, ta rufe fayil ɗin, ni in buɗe a ofis in zauna da mutumin mu yi maganar da ke buƙatar natsuwa, mil nawa ya yi da motar a shekara tunda a 2024 santi 67 ake cire wa kowane mil na aiki daga kuɗin da za a yi wa haraji, ina littafin da ya rubuta, yaran nan da gaske a gidansa suke kwana ko suna Maraɗi wurin kakarsu, domin Form 8867, inda mai cikewa ke shaida cewa ya yi bincike, ni yake ɗaure wa in na sa abin da ban bincika ba. Ina kuma tambayar kowa ko yana da asusun banki a can ƙasarsu, wanda kuɗinsa na waje suka haura dala 10,000 a kowane lokaci cikin shekara akwai rahoton FBAR a kansa, da yawa ba su taɓa ji ba. Ƙanina kuma yana can yana buga Form 8879, takardar da mutum ke ba mu izinin turawa ta intanet, a sa hannu. In wani yana cikin fayil ɗaya ɗayan ba zai shiga ya taɓa ba sai an fita, kuma akwai allon da ke nuna matsayin kowa, wanda ke jiran takarda, wanda aka tura, wanda IRS ta karɓa, ba sai an ɗaga murya daga ɗaki zuwa falo ana tambaya ba. Sabuntawa ma sau ɗaya ake yi a uwar, kowa ya rufe tasa, minti kaɗan a ci gaba.

Sau biyu na kira layin taimakonsu, mutum ne ya ɗauka ba tare da dogon jira ba kuma ya yi haƙuri da Turancina, sai dai ka sani su manhajarsu suka sani, wayoyin gidanka da na'urar intanet ɗinka aikinka ne ko na wanda ka ɗauko.

Akwai abin da nake so masu yin wannan sana'a a gida su ɗauka da nauyi. Gida ba ofis ba ne, akwai yara da wasanninsu da baƙi masu cewa ba ni fasawod. Ni na buɗe Wi-Fi na baƙi daban, yara da talabijin da duk mai zuwa a kansa suke, ba ya ganin kwamfutocin aiki. Kowannenmu yana da sunan shigarsa a manhajar da lambar tabbatarwa da ke fitowa a waya, na uwargida ma na saita shi shigar da bayanai kawai babu turawa, ita ta nemi haka. Diraib ɗin uwar a kulle yake da BitLocker, shi ya sa na ɗauki Windows Pro. Kullum da dare ina kwafe bayanan a diraib na waje, guda biyu ne ina musanya su, ɗaya ba ya kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutar. Doka ma ta wajabta wa mai wannan aiki ya kasance yana da rubutaccen tsarin kare bayanai ko da shi kaɗai ne, IRS tana da samfurinsa a Publication 5708, na zauna na cike nawa a dare ɗaya. Wani dattijo da ya miƙo mini katin Social Security na 'ya'yansa biyar ya ce, ɗana ga su nan amana, tun daga lokacin ban ƙara barin ƙofar ofis a buɗe ba in na fita sallah.

Na sabunta lasisina na bana. Kowace shekara manhajarta daban ce, za ta zauna kusa da ta bara a folda ɗaya, a janyo sunayen mutane da bayanansu daga tsohuwar, a sake danna NWClient a laftof biyun. Laftof ɗin ƙanina ce kawai za mu canza tunda Windows 10 ce a kanta kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, in Allah ya yarda kafin Disamba za mu sayo wata, mai ramin waya a jikinta.