Tsohon Fijo ɗina a hannun mai gyara: abin da na gani

Wata biyu ke nan da na karɓo keken, sai yau na iya zama in rubuta, don da a ranar na rubuta da na faɗi abin da bai dace a faɗa wa mai furfura ba. Ba zan kama sunan shagon ba. Masu harkar keke a Kano in sun karanta za su gane, wanda bai gane ba kuma ya huta.

Keken Fijo ne na tsere, ɗan gwanjo, cikin kayan da ake shigowa da su ta Kwatano. A bayan tarin kekunan yara na tsince shi a jingine, tayoyi sun bushe sun tsattsage, sarƙa ta yi tsatsa ta ƙage. Mai kayan har yana ba ni shawara, wai "Alhaji wannan tsohon yayi ne, ga masu shokoba can." Ni kuwa idona na kan wata 'yar takarda da ke manne a bututun ƙarƙashin sirdi: Reynolds, da lamba 531 a rubuce da kore, sai rubutun Faransanci cewa manyan bututu uku na firam ɗin da wannan ƙarfen aka yi su. Wanda ya san harkar ya san ƙarfen Ingila ne daga Birmingham, tun 1935 ake yin sa, bututun da kauri a baki biyu, tsakiyarsa kuwa ko milimita ɗaya bai kai ba. Bututu uku, ga kurom mai ƙyalli a ƙasan fok, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, kaɗai babu a baya, ga birkin Mafac, giyar Simplex, hannun feda Stronglight. Nan na gane samfurin Fijo mai suna PR-10 ne, ƙanin PX-10, na shekarun da Bernard Thévenet ya ci gasar Tour de France a kan keken Fijo, 1975 da 1977. Na danne murnata na yi ciniki kamar ba na so. Kun dai san yadda gwanjo ya koma yanzu, ba sai na faɗi abin da na biya ba.

Dalilin da ya sa na kai wa wannan dattijon, shi ne yake gyara wa mahaifinmu Rali ɗinsa tun muna yara. Na yarda da shi. Da na kai keken na tsuguna na gaishe shi, na jera masa sharuɗɗa: Baba, ban da fenti, ban da walda, kada a taɓa takardar nan, sannan kofin boris na gindin feda (murfin ƙarfen da ke riƙe boris ɗin da feda ke juyawa a kai), na ɓangaren sarƙa, yadda ake kwance noti na yau da kullum haka ake kwance shi. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake kwance gindin feda." Ya ce in dawo Alhamis.

Alhamis ɗin farko ba a taɓa shi ba. Wannan ban damu ba, wa ya taɓa karɓar aiki a Alhamis ɗin farko? Ta biyun ce ta sa nake wannan rubutun.

Tun daga bakin titi na jiyo ƙarar guduma. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Wallahi gabana ya faɗi tun ban ga komai ba, don ƙarar bututu mara kauri daban take, tana da wani amo kamar ƙararrawa. Ina leƙawa sai ga kekena an kifa shi a ƙasa, sirdi da kaho cikin turɓaya, yaron shago ya taka firam da ƙafa ɗaya, ya kafa cizal a gefen kofin yana jibga masa guduma. Kuma yana bugunsa ne ta hannun da ke ƙara ɗaure shi. Baba na zaune a benci yana ɗinkin wani sirdi, yana cewa "ƙara masa, tsatsa ce."

Ba tsatsa ba ce. Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani, don a nan duk ɓarnar take. Kekunan da muka saba da su, Rali da Fonis da 'yan'uwansu, tsarin Ingila suka bi: kofin ɓangaren sarƙa haƙoransa a baibai suke, in za ka kwance shi sai ka juya shi ta inda ake ɗaure sauran notina. An yi haka ne don kada ya riƙa kwance kansa in ana tuƙi. Tsofaffin kekunan Faransa kuwa kofi biyun duka haƙoran daidai ne, faɗin milimita 35, tsakanin haƙori da haƙori milimita ɗaya. To hannun da ya shekara arba'in yana kwance Rali, shi ne ya kwana huɗu yana ɗaure nawa da guduma, yana zaton kwancewa yake. Da suka ga ya ƙi, ashe har wurin mai walda suka kai shi aka hura masa wuta. Farin fentin da ya yi kusan shekara hamsin bai ɓaci ba, a ƙasan nan ya ƙone ya yi baƙi ya kumbura kamar fatar ganda. Kuma yaron da bakinsa ya gaya mini cewa da yamma za su koma a lanƙaya wa kofin guntun rodi da waldar lantarki a samu abin murɗawa. Waldar lantarki, kusa da bututun da bai kai milimita ɗaya ba, firam ɗin da da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsa! Da na makara da awa uku da yanzu labarin ɗan gwangwan muke yi.

Ban san lokacin da na fizge gudumar ba. Na ce Baba, ba na faɗa ba? Ya ce ai ya ji, amma ya ɗauka irin karatun intanet ɗin nan ne na 'yan boko. Na ɗauki firam ɗin da kaina muka tafi wurin mai waldar, muka damƙe kofin a matsen ƙarfen da ke teburinsa, na kama firam ɗin da hannu biyu na juya shi ta hannun da na faɗa tun farko. Sau biyu na yunƙura, a na uku ya yi ƙara ɗaya ya saki. Kowa ya yi shiru. Baba ya karɓi kofin ya jujjuya shi a tafin hannu, ya sa farce ya bi haƙoran, can ya ce, "Faransawa komai nasu a baibai." Na ce a'a Baba, a wannan dai nasu ne daidai, na Ingila ne a baibai. Bai tanka ba. Sai ya juya kan yaron da faɗa, wai me ya sa bai lura ba. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da fentin, don da kunnena na ji wanda yake cewa a ƙara masa. Har yau kalmar "yi haƙuri" ba ta fito daga bakinsa ba.

Kofin kuma babu irinsa a kasuwa, na zaga har na gaji, duk na tsarin Ingila ne. Allah ya taimake ni cikinsa inda boris ke gudu bai ci ba, gefen ne kawai cizal ya tauna. Shi muka mayar, da tabonsa.

A ranar na rantse kwashe kayana zan yi. Abin da ya hana ni, ba ni da wani wurin da na fi yarda da shi, sai na ɗauko kujera na zauna, na ce a gabana za a ƙarasa. To a nan ne kuma dole in faɗi gaskiya ko ba na so. Da Baba ya ajiye ɗinkin sirdin ya karɓi aikin da hannunsa, na ga abin da ya sa mahaifinmu bai taɓa canza shi ba. Ya zuba sabbin boris a murfin gwangwanin madara, ya ƙirga 11 kowane ɓangare, ya dasa su ɗaya bayan ɗaya cikin giris, ya daidaita har feda tana juyawa da iskar baki kusan, babu lilo babu tauri. Gargaren baya da na ɗauka ya tashi aiki, don yana rawa kamar faifai, mutumin nan ba shi da na'urar komai. Babban yatsa ya kafa a jikin firam, yana juya gargaren yana saurare, yana kaɗa sifok da farce kamar mai gyaran tsirkiyar garaya, ya ɗan ƙara wannan ya ɗan rage wancan. Kafin la'asar gargaren ya miƙe sambal. Birkin Mafac an san shi da kuka, nawa ma da farko kamar ana yanka akuya. Ya ɗan karkata robar yadda gabanta zai riga taɓawa, kukan ya ɗauke. Yaron ya je ya sayo taya mai lamba 27, Baba na ɗora ta ya ce ta yi yawa a mayar, 700 za a kawo, tun kafin in buɗe baki. Tsakaninsu milimita takwas ne kacal, 630 da 622. Mutumin da ya gane wannan da hannu, ka ce ya kasa jin magana ɗaya da aka faɗa masa da Hausa!

Ranar Asabar bayan asuba na fita da shi hanyar Gwarzo, na wuce sabuwar jami'ar Bayero har Rimin Gado. Ban taɓa hawan keke irin wannan ba. Inda kwalta ta farfashe, maimakon ya jijjiga ka har haƙori, sai ka ji ya ɗan lanƙwasa ya shanye. Giyar a bututun ƙasa take, sai ka saki hannu ɗaya ka lallaɓa ta har sarƙa ta daina ƙorafi, na ɗan sha wuya kafin hannuna ya saba. Iskar hunturu na dukana, babu abin da nake ji sai ƙarar taya. A zuciyata na ce shi ke nan, na yafe wa tsohon nan, ƙunar ma a ƙasa take, sai ka duƙa za ka gan ta.

Na tsaya wurin mai shayi a Rimin Gado, na jingine shi. Wani bawan Allah da ke karyawa ya matso yana dubawa, ya ce, "Malam, wannan 53 ɗin lambar mece ce?" Na ce 531 dai. Ya ce shi 53 yake gani. Na tashi na duba. Lamba 1 ɗin ƙarshe ta goge, tare da kusan rabin rubutun Faransancin, ga sawun soson ƙarfe nan ya bi ta kai tsaf. Wato lokacin da na fita sallar la'asar a rana ta ƙarshe, yaron ya yi mini gwaninta ya wanke firam da fetur da soso. Da magariba na karɓa, ban lura ba. Shayin nan ban iya shanye shi ba. Takardar da saboda ita na sayi keken, wadda ta tsallake teku da kwantena da ranar kasuwa ba abin da ya same ta, kuma tana cikin abubuwan da na faɗa da bakina tun ranar farko. Na san ana sayar da sabbi a intanet, wani abokina har ya turo mini hoto. Ban saya ba. Sabuwa fes a kan tsohon fenti, duk wanda ya san keke zai ɗauka manna ta na yi don in yi cuta.

Da na koma na nuna wa Baba, cewa ya yi, "Takarda ce ke tafiya ko keke?" Kuma da na sake duba lissafin da ya rubuta mini a bayan kwalin tif, ashe har da kuɗin wutar mai walda a ciki, na biya ban sani ba. Wutar da ta ƙona mini fenti, ni na biya kuɗinta.

Masu tambayata ko su kai masa, in Rali ne ko Fonis ku kai ido rufe. In keken Faransa ne ko na Italiya, don su ma kofinsu duka haƙoran daidai ne, ku tafi da kujerarku, kuma ko salla za ku fita ku tafi da firam ɗin. Ni dai makon jiya na faɗa rami a Kabuga gargaren gaba ya ɗan goce. A gida na kwance shi, na ɗauke shi a hannu na hau adaidaita na kai masa. Ya tambaye ni ina sauran keken, na ce yana gaishe shi.